Ɓarawon da ke zuwa cikin rigar ma'aikacin haraji

Na san da yawa daga cikinku shago suka bar wa yaro suka taho, saboda haka ba zan yi ta kewaye-kewaye ba.

Maganar da aka ɗora mini ita ce ta wani saƙo da ke yawo. Wani ta imel ya same shi, wani ta WhatsApp, wani kuma guntun rubutu ne kawai a waya. Da Faransanci yake zuwa, an liƙa tambarin jamhuriya a sama, ga hatimi a ƙasa, ga sa hannu. Yana cewa daga ma'aikatar haraji ta ƙasa ya fito, wato DGI. Wai an zaɓi shagonka ko kamfaninka ko ƙungiyarka don bincike, an gano giɓi cikin abin da ka biya, ana binka miliyan kaza har da tara. An ba ka awa 48. In ba ka motsa ba za a garƙame shago, a toshe asusunka na banki. Sai kuma a buɗe maka ƙofa biyu: ko ka danna wanga shuɗin rubutu ka cike bayananka, ko ka kira wagga lamba, akwai wani insifekta da zai duba yadda za a yi maka sauƙi.

Duk ƙofofin biyu gidan ɓarawo suke kaiwa.

Kafin in zo kan yadda ake gane shi, ina so mu tambayi kanmu: don mi wanga saƙo yake kama mutane? Ba wawaye yake kamawa ba fa. Alhajin da ke lissafin tirela uku a ka, ba tare da biro ba, ba za ka ce masa wawa ba. Saƙon da ke cewa ka ci mota a wata gasar da ba ka shiga ba, wannan kwaɗayi yake nema a cikinka, kuma yawancinmu mun waye da shi. Na haraji tsoro yake nema, tsoron kuma akwai shi tun kafin a haife mu. Kakanninmu sun ba da labarin lanho na zamanin Nasara, yadda mutum kan sayar da akuyarsa don ya biya, yadda wasu suka kwashe iyali suka tsallaka iyaka suka bar gonakinsu saboda lanho da aikin tilas. Mu kuma mun taso muna ganin an zo da kwaɗo an rufe shagon maƙwabci da tsakar rana, kasuwa na kallo. Ka haɗa wannan da cewa dokar haraji da Faransanci aka rubuta ta, Faransancin ma irin na lauyoyi, wanda ko mu da muka yi jami'a sai mun karanta layi sau uku. Mutum yana biyan abu shekara da shekaru bai san sunansa ba, bai san yadda aka lissafa shi ba.

Akwai kuma wani abu, ku yi haƙuri in faɗe shi tunda mu ya mu ne. Kaɗan ne cikinmu takardunsu suke cif-cif. Wani akwai shekarar da ya tsallake, wani cinikin da ya bayyana bai kai na gaskiya ba. To in saƙo ya zo ya ce "an gano", zuciya ba ta tambayar wa ya gano, sai dai ta ce shi ke nan, asiri ya tonu. Sannan mun saba da kalmar nan ta "a sasanta". Mun saba cewa matsala da hukuma a gefe ake kashe ta, hannu da hannu, ba takarda. Shi ya sa in baƙon murya ta ce ka turo jika 200 a rufe dosiye, abin bai yi mana kama da sata ba, ya yi kama da abin da muka riga muka sani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wagga tsaga ba ɓarawon intanet ya yi ta ba, tarar da ita ya yi.

To yaya binciken haraji na gaskiya yake? Wannan shi ne abin da nake so kowa ya tafi da shi gida, don wanda ya san na gaskiya ba ya buƙatar a lissafa masa kalolin jabu.

Binciken littattafan kasuwanci da takarda yake farawa, takardar sanarwa, wadda ta faɗi shekarun da za a duba da irin harajin da za a duba. Kana da damar kiran wanda zai tsaya maka, kontabul ɗinka ko wani masani da ka yarda da shi. Masu binciken mutane ne masu suna da katin aiki da ofis da aka sani, kana iya zuwa ka same su. In sun gama suka ga akwai abin da ake binka, a rubuce za su sanar da kai, da dalilansu, kuma doka ta ba ka lokaci ka mayar da amsa a rubuce, ka ce ban yarda da kaza ba, ga hujjata. Bayan wannan ma akwai hanyar ƙorafi. Abu ne na makonni da watanni. Ko a ce ba-zata suka zo maka, mutane ne za su tsaya a ƙofar shagonka da katinsu da takardarsu. Kuɗin haraji kuma asusun ƙasa yake shiga, a ba ka resi da sunan hukuma. Ba ya shiga layin wayar wani bawan Allah, ba a tura shi da sunan wani mutum kamar yadda kake tura wa ɗanka kuɗin makaranta ta Nita ko Amana. Duk wanda ya ce maka ka biya haraji cikin awa 48 a lambarsa, kar kuma ka gaya wa kowa, ka riga ka san ko wane ne.

Wani zai ce, ai yanzu ma'aikatar haraji ita ma ta shiga intanet. Gaskiya ne. Akwai shafin da kamfanoni ke bayyana harajinsu a kai, akwai tsarin faktir mai shaidar hukuma da aka shigo da shi, harajin TVA na kashi 19 cikin 100 yana bi ta nan. Saboda haka ba cewa nake duk saƙon da ya ambaci haraji ƙarya ne ba. Abin da nake cewa shi ne kar ka shiga ta ƙofar da saƙon ya buɗe maka. Adireshin da yawa daga cikin shafukan gwamnatinmu da gouv.ne yake ƙarewa. Ɓarawo yakan ƙirƙiro mai kama da shi, ya ƙara harafi ɗaya, ko ya sa kalmar a gaba ya ɓoye ainihin adireshinsa a baya, a waya kuma rubutun ƙanana ne, ido ba ya kamawa. Sunan da ke fitowa a matsayin wanda ya aiko, shi ma kowa na iya rubuta abin da ya ga dama a wurin. Ka rufe saƙon. In kana da shafin da ka saba shiga, ka rubuta adireshinsa da hannunka. In ba ka da shi, ka hau kabu-kabu ka je cibiyar harajin da dosiyenka yake, ka nuna musu wayar, ka ce wannan daga gare ku ne? Kuɗin kabu-kabu kawai za ka kashe. Kuma kar ka kira lambar da ke cikin saƙon don ka tabbatar, wannan kamar ka tambayi kura ne ko ta ga akuyarka.

Akwai abin da ke ruɗa mutane ƙwarai. Sai mutum ya ce, to ai ya san sunana, ya san sunan shagona, har lambar NIF ɗina ya rubuto daidai. Alhaji, NIF ɗinka yana kan kowace faktir da ka taɓa ba wani. Yana kan hatiminka, wani ma ya rubuta shi a allon ƙofar shago. Duk wanda ya taɓa sayen buhun siminti a wurinka ya karɓi takarda yana da shi.

Yanzu in zo kan ɓangaren da ya fi damuna, wanda kuma aka fi rainawa. Kuɗin da aka karɓe maka, ko nawa ne, ka san iyakarsa. Ka yi baƙin ciki, ka yi addu'a, kasuwa ta mayar. Amma sau da yawa ba kuɗin ne ma gaba a wurinsu ba. Shafin da ka danna zai ce, don a tantance kai ne, ka ɗora hoton katin ɗan ƙasarka gaba da baya, da takardar rajistar kasuwanci, da hotonka riƙe da katin kusa da fuska, da sa hannunka. Sai ya ce ka shigar da imel ɗinka da kalmar sirrinsa. Wani lokaci takarda ce za a ce ka sauke ka buɗe, alhali wata manhaja ce da za ta zauna cikin wayar tana karanta saƙonnin da ke shigo maka. Mutum ya gama cikewa ya ce alhamdu lillahi, ko dala ba su karɓa ba. Bai san ya miƙa abin da ya fi dala ba.

Mi za su yi da su? Da katinka za a nemi yin rajistar layin waya, a buɗe asusun kuɗi na waya da sunanka, a cuci wani a Tawa ko a Damagaram, kuɗin ya sauka a wannan asusu. Ranar da mai kuɗi ya kai ƙara aka bi sawu, sunan wa za a tarar? Kai da ba ka san hawa ba ba ka san sauka ba, kai ne za ka yi ta bayani a komisariya.

Imel ɗin kuma, ga masu sayo kaya daga Dubai ko Guwanzu ko masu fito da kwantena ta Lome, nan ne babbar asara take. Ɓarawo ba ya yin hayaniya in ya shiga. Zama yake ya yi ta karatu, ya san wa kake saye a wurinsa, ya san yadda kuke gaisawa, ya san yaushe ake biya. Ranar da biya ya gabato sai takarda ta zo maka, kamar daga mutumin da ka shekara biyar kana hulɗa da shi, tana cewa mun canza banki, ga sabuwar lambar asusu. Komai daidai, har da irin kuskuren rubutun da ya saba yi. Ko kuma a juya, a rubuta wa masu saye a wurinka da sunanka. Don Allah, duk ranar da aka ce maka an canza asusu, ka ɗaga waya ka kira mutumin a lambar da ka daɗe da sani, ka ji daga bakinsa.

Sai WhatsApp. Lambobi 6 ne za su shigo maka, sai mai kiran ya ce lambar dosiyenka ce, karanto mini. Kana karantowa, WhatsApp ɗinka ya koma wayarsa. Daga nan ƙanwarka da ke Agadas za ta ga saƙo da hotonka: ina cikin matsala da mutanen haraji, turo mini jika 50 kafin gobe, kar ki kira, ina ofishinsu. Abokan fada duk za su samu. Mutuncin da ka yi shekaru kana ginawa, da shi za a yi bara cikin dare ɗaya. Duk lambar da ta shigo wayarka don tabbatarwa, da lambar sirrin asusunka, babu ma'aikacin haraji ko na banki ko na kamfanin waya da aikinsa ya buƙaci ka karanta masa su.

A nan dole mu kalli halinmu da takardu. Mu mutane ne masu watsar da kanmu. Ka je wurin fotokofi, a ɓata guda biyu, ka bar su nan cikin kwali ka tafi. Wa bai taɓa sayen ƙosai ko tsire an naɗe masa cikin fotokofin takardar haihuwar wani ba? Matasa ƴan uwana, mu ne gaba a wannan. An ce wata ƙungiya na ɗaukar aiki, ba mu san ta ba, ba mu ga ofishinta ba, sai mu tura dosiye sukutum ta WhatsApp: kati, nasiyonalite, kaziye, difloma, hoto. Rashin aiki ne ya ja, na sani, amma wanda ya karɓa ya samu mutum cikakke a hannunsa. Akwai kuma mai kyakkyawar niyya, ya tsinci katin wani a tasha ya ɗauki hotonsa ya sa a Facebook, a taimaka a yaɗa. Allah ya ba shi lada, amma da ya rufe lambar da ranar haihuwar, ko ya kai komisariya ko gidan rediyo, da ya fi. Haka wanda ke ara wa aboki katinsa don ya yi rajistar layi. Duk abin da aka aikata da wannan layi, kai ne a rubuce. Wata ƴar dabara da ba ta cin ko sisi: in za ka ba da fotokofin katinka, ka rubuta a kansa da biro, ta kan hoton takardar, dalilin da ya sa ka bayar da kwanan wata. Ba ta hana komai gaba ɗaya ba, amma tana rage wa takardar amfani a hannun wani.

Na ji ana cewa ai duk aikin ƴan ƙetare ne. Lallai sana'ar ta daɗe a yankinmu. Sunan 419 daga wani sashe na dokar laifuka ta Najeriya ya samo asali, Kodebuwa ma suna da nasu da sunan da suke kiransu. A 2024 hukumar ƴan sandan duniya Interpol da takwararta ta Afirka sun yi wani samame na wata biyu a ƙasashe 19 na nahiyar, ciki har da Najeriya da Benin, aka kama mutum fiye da 1,000. Amma kar wannan ya sa mu saki jiki don mun ga lamba ta fara da 227. Wanda ke kiranka da Hausar Maraɗi tsantsa, yana ce maka ranka ya daɗe, wanda kuma zai je kanti ya ciro kuɗin cikin minti goma, ba daga sama ya faɗo ba.

To in abin ya riga ya faru fa? Babban abokin aikin ɓarawo a nan kunya ce. Na san wata baiwar Allah mai sayar da atamfa, an karɓe mata kuɗi ta wagga hanya, ta yi kusan mako biyu ba ta gaya wa ko mijinta ba, don kar a ce da wayonta. Cikin waɗannan kwanaki suka sake dawo mata har sau biyu, wai saura kuɗin hatimi, wai saura na shugaban sashe, sannan aka yi amfani da sunanta aka karɓi na ƙawayenta. Da ta yi magana ranar farko, da a kanta abin ya tsaya. Ba kai ka yi sata ba, kai aka yi wa. A ranar, ba gobe ba, ka je ofishin kamfanin waya ko bankin ka ce a tsayar da abin da za a iya tsayarwa. Ka canza kalmomin sirri, ka fara da na imel, don shi ne makullin sauran. Ka sanar da dangi da abokan ciniki cewa kar su tura wa kowa kuɗi da sunanka. Kar ka goge saƙonnin don haushi, ka ɗauki hotonsu, ka adana lambar da aka kira ka da ita da lambar shaidar turawar. Sannan ka kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarma, ka riƙe shaidar cewa ka kai, da kwanan wata. Ko kuɗin bai dawo ba, wagga takarda ita ce za ta tsaya maka ranar da aka tarar da sunanka a wani laifin. Kuma ka yi hattara da wanda zai ɓullo daga baya ya ce shi gwani ne, ka ba shi kaza ya dawo maka da kuɗinka. Sau da yawa su ne dai suka sake riga.

Doka tana nan. Akwai doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019 kan laifukan intanet. Mu ƴan farar hula mun fi saninta ta wancan gefen, na kama mutane kan abin da suka rubuta, wannan kuma zancen wata rana ne. Amma cikinta akwai hukuncin zamba ta na'ura, kuma muna so mu ga ana aiki da wannan gefen da irin zafin da ake aiki da wancan. Akwai kuma hukumar kare bayanan mutane, HAPDP, wadda aikinta ke nan sa ido kan yadda ake tattara bayananmu da yadda ake ajiye su.

Ina da magana da hukumomi su ma, don ba daidai ba ne a ɗora wa talaka dukan nauyin. Muddin ana samun ma'aikacin da ke aika takardar aiki ta imel ɗinsa na kansa, ko ya kira ɗan kasuwa da layinsa ya ce a haɗu a waje, to yaya za a ce mai shago ya bambance na gaskiya da jabu? Muddin dosiyoyin da muke kaiwa ofisoshi suna ƙarewa a hannun mai ƙosai, ba mu kaɗai ke watsar da kanmu ba. Kundin da ƙasa ke tafiya a kai tun Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa. To mu gani a takardar haraji. A fito a rediyo, da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci, a gaya wa mutane matakan bincike ɗaya bayan ɗaya, da haƙƙinsu a kowane mataki, da lamba guda da kowa zai kira ya tambaya ko takardar da ke hannunsa ta gaskiya ce. Shugabannin ƴan kasuwa da ke zaune a nan, ku kuna da bakin da ake ji, wagga buƙata ta fi ƙarfi in daga gare ku ta fito.

Saura kusan rabin awa a kira magariba. Ina roƙon kowa ya fito da wayarsa yanzu. Cikin WhatsApp akwai wurin da ake sa makulli na biyu, lambobi 6 da kai ne za ka zaɓa, ta yadda ko an karɓi waɗancan na saƙo ba za a iya shiga ba. Imel ma yana da irinsa. Matasanmu za su zagaya layi-layi su nuna wurin, hajiyoyi ga ƴan mata nan ta ɓangarenku. Su nuna kawai za su yi, lambar kai za ka sa da hannunka, su kau da kai, kuma kar a sa shekarar haihuwa. Wanda ke da irin wanga saƙo a wayarsa yanzu haka ya ɗaga hannu, mu fara da shi.